Ranar da Baba Bai Karanta Ba

Shekara ashirin da bakwai Babanmu ya yi a bayan kantar ofishin 'yan sanda, kuma a iya sanina bai taɓa kama ko ɓarawon kaza ba. Aikinsa rubutu ne. Akwai wani ƙaton littafi mai baƙin bango da aka ɗaure wa biro da zare, duk mai ƙara a gabansa yake tsayawa. Baba zai gyara tabarau, ya ja layi da rula, ya duba agogon hannunsa ya rubuta lokaci, sannan ya ce, "To, ina jin ka."

Idan ya gama, sai ya karanta wa mutum abin da ya rubuta tun daga farko, ya ɗago kai ya ce, "Haka ne?" Sai ka amsa sannan ya turo maka tawada ka dangwala. Ba wanda ya sa shi. Abokan aikinsa ma haushi abin yake ba su, don layi kan kai bakin ƙofa wai wata tsohuwa tana gyara masa launin bokitin da aka sace mata. Daga nan sunan Saje Haka-ne ya bi shi. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Umma ta ce gishiri ya ƙare, ya maimaita mata ya tambaye ta ko haka ne, ita kuma ta ce, "A'a, sharri na yi wa gishirin, Yallaɓai."

Mutanen unguwarmu ba sa ga-maciji da 'yan sanda, kuma ni ban ga laifinsu ba. A fasa maka shago ka je, a ce motar ba mai. Amma ranar da wani babba zai wuce, sai motar ta warke sarai, ta fito cike da masu kulki ana kifar da teburan masu ƙananan sana'o'i. Baba kaɗai mutane suka ware.

Idan ya tashi aiki, kafin ya shigo gida yakan cire hula ya zauna a bencin amininsa Mai-agogo, a bakin layinmu. Ɗan tebur ne da akwatin gilashi, ga hantsaki, ga tabaran da yake maƙalawa a ido ɗaya. Da ya hango Baba zai sauke akwatin kayan aikinsa daga bencin, su dasa musu.

"Ku fa ba ku san ɓarawo ba, sai mai tebur," in ji Mai-agogo.

"Ni dai rubutu aka sa ni, mutumina."

"To rubuta cewa na ce ba ku da amfani."

Baba ya yi dariya ya miƙa masa agogonsa a saita.

Abin da ya faru ranar da Baba bai karanta ba, sai bayan shekara goma sha ɗaya na ji shi daga bakin Baba. Da hantsi motar ta zo share titi. Mai-agogo ya rungume akwatin gilashinsa don agogunan mutane ne a ciki, wani kofur ya sa gindin bindiga ya doke masa hannun dama a kan tebur. Bayan azahar ya zo ofis da ƙafarsa, hannun naɗe da tsumma, ya tsaya gaban Baba ya faɗi komai. Shugaban ofishin ya fito ya dafa kujerar Baba, ya sunkuyo ya ce masa a kunne, "Saura wata takwas ka yi ritaya, Saje. Faɗuwa ya yi a kwata."

Baba ya rubuta faɗuwa. Ya turo tawada.

Mai-agogo bai iya karatu ba, amma ya san amininsa. Ya dube shi ya ce, "Yau ba za ka karanta mini ba?"

"Akwai layi," in ji Baba.

Ba kowa a bayan Mai-agogo. Ya dangwala da hagu ya fita.

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Baba ya zo wucewa, Mai-agogo ya ce, "Barka da yamma, Yallaɓai," akwatin kayan aiki yana nan daram a kan benci. Yatsun suka warke a karkace, ya daina buɗe agogo, ya koma sayar da batir da maɗauri. Baba ya yi ritaya lafiya lau. Kullum la'asar sai ya sa riga ya ce zai miƙe ƙafa, ya je bakin layi ya karɓi gaisuwar nan ya dawo. Agogonsa ya soma lattin minti goma, ya ƙi kai wa kowa. A gida kuwa ba mu sake jin "haka ne" ba. Ni da na fi kowa mita a kan maganar, ni na fi kowa kewarta.

Ranar da ya faɗa mini, ina shafa masa magani a gwiwa ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ashe kai ma irinsu ne." Har yau ina da-na-sanin wannan magana. Can ya ce in sayo masa littafi irin na 'yan makaranta.

Kwana biyu ya yi yana rubutu, hancinsa kamar zai taɓa takarda don idon ya yi rauni. Ya ja layi da rula kamar da. Rana ta uku ya ce in riƙe masa hannu mu je bakin layi.

A tsaye ya karanta. Ya faɗi rana da lokaci, ya faɗi sunan kofur da lambarsa, da abin da shugaba ya raɗa masa, da abin da shi ya rubuta da hannunsa. Masu wucewa suna tsayawa, bai fasa ba. Da ya kai ƙarshe ya ɗago kai.

"Haka ne?"

Mai-agogo ya daɗe yana kallon titi. "Ba haka ba ne. Ka ce yatsu biyu. Uku ne."

Baba ya soke ya gyara.

"Kuma ka ƙara cewa wani ɗan sanda ya ce in zo ya rubuta mini, na ƙi. Na ce sai kai. Minti arba'in na yi a layi da hannun nan."

Baba ya rubuta, hawaye na ɗiga a kan takardar. Ya sake karantawa, ya sake tambaya. Mai-agogo ya ce haka ne. Ba tawada, don haka na goga masa biro a babban yatsan dama, karkataccen, ya danna. Sannan ya sunkuya ya sauke akwatin daga benci.

Wata biyar kacal suka samu a bencin nan, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Na san ba kotun da za ta kalli littafin, kofur ɗin ma an ce girma ya ƙara samu, motar kuma har gobe ba ta da mai sai ranar share titi.

Littafin yana cikin akwatin gilashi, tare da agogon Baba. Wani lokaci idan na dawo daga aiki, Mai-agogo yakan kira ni ya miƙo mini shi in karanta masa. Ina gamawa sai ya dube ni yana jira, dole in ce, "Haka ne, Kawu?"

"Haka ne, 'yata," yakan ce. "Sai dai kina sauri. Shi a hankali yake tambaya."