Harafin da Ban Rubuta Ba

Shekarun baya, yayana mai fataucin goro ya kwanta ciwo a Kumasi. Wata ranar Talata da azahar saƙo ya shigo wayata daga mai gidan da yake haya, da Ingilishi. Ni kuwa lakwal, wato makarantar firamare, kawai na yi, shi ma da Faransanci.

A layinmu na Zongo akwai wani tsoho da ya daɗe a Gana. Idonsa ba ya ganin rubutun waya, sai na kwafe saƙon da manyan baƙaƙe a takarda. Da yake ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗo bayan ya kulle ƙofa, sau uku na gwada takardar da wayar, harafi bayan harafi: There is little hope.

Na tarar da shi zaune a zaure. Ya kai takardar kusa da hancinsa.

"Alhamdu lillahi. A little hope. Akwai sauran fata, ɗana."

"Baba, babu harafin a a ciki."

"To da ba ta, ai da magana ta ƙare. Little ita kaɗai, kusan babu ke nan. In an sa mata a a gaba, kaɗan ne, amma akwai. Ga ta nan, ko kai ma idon ya tafi?"

Na karɓa na duba. Ga a nan tsakanin kalmomin biyu, da biro iri ɗaya da nawa, amma da 'yar jela a lanƙwashe. Mutum ɗaya na sani mai yi wa a jela haka, tun muna raba littafi ɗaya: yayana.

Mahaifiyata na jira a gida. In na bi waya, sai in ce ta haƙura da wahalar hanya, ta yi addu'a. Na bi takarda.

"Inna, shirya. Gobe akwai mota."

Ta same shi da rai, suka yi kwana biyu tare kafin Allah ya karɓi abinsa. Da ta dawo ta ce mini, "Ya yi ta tambaya wai ka ga harafin? Wane harafi ne?"



Takardar na cikin akwatina. Saƙon ma ban goge ba, na kan buɗe in duba, har yau babu harafin a a cikinsa. Yanzu duk wanda ya ce mini abu ya rage kaɗan, sai in ji ina son tambayarsa, wane kaɗan?