Idon Goɗiyar Kabo

Ran Laraba, cikin Agustan 2001, Hammadu ya dawo daga sallar asuba ƙarfe shida saura, ya zuba wa awakin mahaifiyarsa dusa. Ƙarfe bakwai ya sha koko a tsaye. Mahaifinsa, Malam Jibirin, yana zaure da rediyo. Hammadu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kai yatsa ya ja masa fatar ido ƙasa, yadda yake yi wa dawaki.

"Baba, lafiyarka ƙalau. Taurin kai ne kawai."

"Tashi ka ba ni wuri, likitan jakai."

Ƙarfe takwas ya hau babur daga Lakwaya ya nufi Kabo. Dogayen takalman robar da uban ya saya masa suna rataye a ƙusa, don ya ce zafi suke sa shi.

Shekarunsa ashirin da shida. Yana ɗan tara aka rage ma'aikata lokacin tsuke bakin aljihu, Malam Jibirin ya kwaso digirinsa da iyalinsa daga Kano ya dawo gona. A nan yaron ya liƙe wa Bappa Hadi, yayan mahaifinsa, wanda ya gaji jinyar dabbobi. Uban ya so ya yi jami'a. Shi kuwa dawaki ya zaɓa, kuma a idonsu ya ƙware. Farin ido ya koma ruwan ɗorawa, ya ce a nemi kaska, zazzaɓinta ya shiga jini. Ramin saman ido ya kumbura, ya ce a raba dokin da sauran yanzu-yanzu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kiɗan biki ya ja baya, hawan angwanci ya ragu, masu dawaki suka rage kula da su, sai kiran Hammadu ya ƙaru.

Ƙarfe tara da rabi ya isa gidan Alhaji Hambali, wani ɗan kasuwa mai goɗiya ɗaya. Idonta na hagu a runtse, hawaye na zuba, tana kau da kai daga rana. Karo na uku ke nan.

"Na busa mata garin taba jiya," in ji Alhaji.

"Alhaji, kai a busa maka mana mu gani! Ba a ido ciwon yake ba. A jiki yake, nan ya samu ƙofa."

Ya haska da ƙaramar tocilarsa, ya ga ƙwayar ta tsuke, hazo ya fara rufe ta. Alhaji ya tuna ta yi zazzaɓi bara, ta ɓarar da ciki. Ƙarfe goma sha ɗaya Hammadu ya naɗe wando ya kwashe taɓon turkenta, ruwan sama da fitsari a cakuɗe, ga faso a dugadugansa. Bayan azahar ya kai ta kududdufi ya wanke ta. La'asar a gida ta same shi. Da magariba ya ci tuwo malmala biyu.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, sha-raɓarsa na ciwo kamar an doke shi. Aka ba shi maganin zazzaɓin sauro. A rana ta biyar Malam Jibirin ya ja masa fatar ido ƙasa. Ruwan ɗorawa.

Ya tashi neman mota, Bappa Hadi ya tare shi a zaure.

"Jibirin, ciwon shawara ne. Shawara ba ta son allura, kowa ya sani. Ka kai shi su soke shi, ka dawo da gawa?"

"Yaya, wannan magana ba ta da tushe."

"Bokonka ne ya raine shi ko ni?"

Furera, uwar yaron, tana bayan labule tana kuka, ita ma tana goyon bayan Bappa Hadi. Malam Jibirin ya san abin da ya sani. Amma bai taɓa ƙetare maganar yayansa a gaban mutane ba. Ya ce to, a gwada jiƙon saiwar rawaya kwana uku.

A rana ta uku fitsari ya ɗauke. Aka kai shi wani asibiti a Kano, likita ya tambayi sana'arsa, aka faɗa masa. Ya ce akwai cutar da ke zama a ƙodar dabba, ta fita da fitsari, ta shiga mutum ta tsagar fata. A doki sau da yawa a ido take bayyana daga baya. Ya ce ba zai rantse ita ce ba. Malam Jibirin bai tambaye shi batun kwana ukun ba, shi ma bai ɗauko ba.

Hammadu ya rasu ran Litinin, ƙarfe huɗu da minti goma.

Bayan sadakar uku aka fito da kayansa. Babur aka ba mijin ƙanwarsa. Riguna huɗu aka kai masallaci. Ragama da wuƙar gyaran kofato, Malam Jibirin da kansa ya kai wa Bappa Hadi. Tsohon ya karɓa, ba wanda ya dubi wani. Littafin da yake rubuta alamun dawaki aka aika wa Alhaji Hambali, wanda goɗiyarsa ta riga ta rasa idon. Furera ta ɗauki tocilar. Takalman robar ba wanda ya sauke su daga ƙusa.