Taliyar da Mairo Ta Karya

An haifi Mairo a wani ƙauye da ke gefen Ringim, a gidan da sana'ar matansa ita ce alkaki. Tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba uwarta ta zaunar da ita gaban tire, ta koya mata murza kwaɓin alkama har ya yi siriri kamar igiya, sannan a naɗe shi a yatsu. Aure ya kawo ta unguwar Gama a Kano, rasuwar miji kuma ta fitar da ita neman abin ciyar da marayu. Ta fara da wanke-wanke a wani otal da ke Nassarawa GRA. A can Madam Loretta, 'yar Wusasa, akawu a wata masana'antar takalman roba, ta lura da tsaftarta, ta kai ta gidan mai masana'antar, wani mutumin ƙasar Sin da ake kira Mista Lin, domin ta riƙa yi masa girki.

Sharaɗi biyu ta gindaya masa: hannunta ba zai taɓa naman alade ba, ba zai ɗauki kwalbar giya ba. Ya amince, bai kuma taɓa saɓawa ba. Shi kaɗai yake zaune a ƙaton gida mai itatuwan mangwaro, iyalinsa suna can gida. Ranar Lahadi abokansa kan zo, wani Balabane, wato ɗan Labanan, mai sayar da yadi da wani likita ɗan Indiya da matansu, su zauna a baranda suna karta, kowa yana ba da labarin garinsu kamar ya fi na kowa daɗi. Bayan an ƙaddamar da Shari'a a Kano, zaman nasu ya rage hayaniya, butar shayi ta mamaye tebur. Mairo takan dube su ta tagar kicin, tana mamakin mutanen da suke da komai amma kullum zancensu wani wuri ne da ba nan ba.

A irin wannan lokaci ne mahaifiyar Mista Lin ta zo ganin ɗanta, aka daidaita zuwan da cikarta shekara tamanin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, hannuwanta suna rawa. Ta fito daga mota rungume da wani dogon kwali kamar mai riƙe da jariri. Zakari direba ya miƙa hannu zai karɓa, ta juya masa baya. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai 'yan gidan suka riƙa kiranta Iya.

Ranar bikin da safe Mista Lin ya kawo kwalin kicin da kansa. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Mairo, yau Mama tamanin. Wannan taliya ta Mama. Romon kaza, ƙwai. Baƙi bayan la'asar." Ya fita zuwa masana'anta.

Da ta buɗe, sai ta ga taliya fara, siririya, an lanƙwasa ta an sake lanƙwasawa, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Ta dubi tukunya, ta dubi taliya. Sai ta yi abin da kowace mace a Kano take yi ba tare da tunani ba: ta kama da hannu biyu, ta kakkarya ta yadda za ta shiga tukunya kuma ta hau cokali.

Tana cikin karyawar ta waiwaya, domin ta ji kamar wani ya ja numfashi. Iya ce tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta matso, ta ɗauki guntu ɗaya, ta daɗe tana dubansa, ta ajiye, ta koma ɗakinta ta murza makulli.

Adalci ya wajabta a raba laifin nan yadda ya dace. Mairo ta karya abin da ba ta tambayi asalinsa ba, alhali ta ga yadda aka rungumo shi. Wannan sakaci ne. Mista Lin kuwa bai faɗa mata kada ta karya ba, domin abin da kowane yaro ya sani a garinku ba ya zo maka a rai cewa sai an faɗa. Mafi yawan ɓacin ran da ke shiga tsakanin baƙo da ɗan gari daga nan yake tasowa, ba daga mugunta ba.

Da azahar Mista Lin ya dawo tare da Madam Loretta. Ya yi magana da uwarsa ta bayan ƙofa, ya fito fuskarsa a sauye, ya bayyana wa Loretta da Turanci, ita kuma ta juyo wurin Mairo.

"Yaya Mairo, kin tafka ta. A ƙasarsu, ranar haihuwar mutum taliya mai tsawo ake ba shi, ya ci ba tare da an yanke ba, fatan tsawon rai ke nan. Wannan ƙanwar Iya ce ta yi mata da hannunta, ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. A cinya ta riƙo ta cikin jirgi."

"Inna lillahi! To yanzu me ta ce?"

"Ta ce a sallami baƙi, a nema mata jirgi ta koma, tunda an nuna mata alamar ajalinta. Shi kuwa rabonsa da ita ya daɗe, kuma likita ya gaya masa da wuya ta sake irin wannan tafiya."

Zakari, wanda tun zuwan Shari'a ya ajiye gemu ya kuma ƙara yawan fatawa, yana jingine da taga yana saurare. "Ikon Allah! Wai taliya ke riƙe da numfashin mutum? Ashe masu injin taliya na Gama ba za su mutu ba. Mairo, kada ki sa hannu cikin camfi, kin dai ji wa'azi."

"Malam Zakari, ni na ce maka taliya na ƙara kwana? Ajali na hannun Mai shi. Amma ni na ɓata wa tsohuwa abin da ƙanwarta ta ba ta. Wannan haƙƙi ne, ko shi ma camfi ne?"

"To ki ɗinke ta da allura mana."

"Kai dai je ka wanke motarka."

Maganarta ta fi tasa tsayuwa a kan ƙa'ida. Gaskata cewa abinci yana jinkirta mutuwa kuskure ne, Mairo kuma ba ta gaskata ba. Gyara abin da ka ɓata wa wani kuwa wajibi ne, ko da kai a wurinka abin ba shi da daraja, domin mai abu ake tambaya darajarsa.

Ba ta da harshen da za ta ba da haƙuri da shi. Sai ta kwaɓa fulawa, ta ɗauki tire da tabarma, ta je ta zauna daidai ƙofar ɗakin Iya, ta fara murzawa irin murzar alkaki. Igiyar kwaɓin takan yi tsawo, ta siranta, sai ta tsinke. Ta dunƙule, ta sake. Ta tsinke. Duk tsinkewa sai tsaki ya suɓuce mata. Tana cikin haka ta ji makulli ya motsa.

Iya ta leƙo, ta tsaya kallo da fuska a murtuke. Akwai wani abu da ƙwararre ba ya iya jurewa ko yana cikin baƙin ciki, shi ne ya ga ana ɓata sana'arsa a gabansa. Igiyar ta sake tsinkewa, sai tsohuwa ta sunkuyo ta ɗan mari bayan hannun Mairo, ta gutsuri kwaɓin ta ɗanɗana, ta girgiza kai. Ta ja ta zuwa kicin, ta nuna gishiri, ta riƙa buɗe gwangwanaye tana shinshinawa, ba ta sami abin da take nema ba. Mairo ta tuna abin da uwarta ke sa wa alkaki, ta kwance ƙullin jar kanwa ta miƙa mata. Iya ta lasa. Idanunta suka buɗe, ta faɗi wata kalma da ƙarfi, ta nuna a jiƙa.

Aka sake kwaɓi da ruwan kanwa da gishiri, aka shafe shi da mai, aka rufe ya huta. Duk sanda Mairo ta kai hannu don gaggawa, sai a mare shi. Da lokaci ya yi, Iya ta gwada murzawa da kanta, rawar hannu ta hana ta. Sai ta ɗora tafukanta a kan na Mairo, tana dannawa inda ya kamata a danna, tana sassautawa inda ya kamata. Igiya ta fito ba ta tsinke ba. Suka naɗe ta cikin tire mai mai, zagaye bisa zagaye kamar ɗinkin faifai. Ragowar kwaɓin ma Iya ta sa aka yi wani ƙaramin naɗi, Mairo ba ta san dalili ba.

Baƙi suka iso, maimakon baranda sai suka cika ƙofar kicin. Ruwa yana tafasa, Mairo ta kama bakin igiyar, tana ja tana sirantawa tana saki cikin tukunya, Iya tana riƙe da gwiwar hannunta. Tire yana ƙarewa a hankali, zaren yana tafiya, babu inda ya yanke. Matar likita ta rufe baki da mayafinta. Mairo kanta tsoro ya kama ta, ganin abin da ke fita daga yatsun da ta ɗauka ta gama saninsu. Garin alkama da ruwa da kanwa, abin da ta taso a cikinsa, ga shi ya zama abin da ba ta taɓa gani ba. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam," in ji Balabanen a hankali. Zakari yana bayan kowa a kan yatsun ƙafa, yana leƙe.

Aka zuba zaren guda cikin kwano, da romo da ƙwai, ƙaramin naɗin ma aka dafa aka zuba a wani ƙaramin kwano. Iya ta zauna gaban tebur, ta kama bakinsa da tsinkayen cin abincinta, ta fara zuƙa. Babu wanda ya yi tari. Ta huta, zaren yana bakinta, ta ci gaba. Sa'ad da ƙarshensa ya shige, Mista Lin ya durƙusa a gabanta, ya kifa kansa a cinyarta, mutumin da ma'aikata ke rawar jiki in sun ji takunsa.

Sannan Iya ta yi magana, ɗanta ya fassara. "Mama ta ce, ƙaramin kwano naki ne. Ta ce kada ki ciza."

"Maigida, ni ban san ranar haihuwata ba."

Ya gaya wa uwarsa, ta amsa a taƙaice. "Ta ce ta ba ki rabin tata."

Mairo ta yi bisimilla, ta kama zaren da yatsu, ta zuƙa, romo yana gangarowa a haɓarta, matan suna dariya suna tafa mata.

"A hankali, Hajiya," in ji Zakari, "kada ki shaƙe garin neman tsawon rai."

Ba a sake zancen jirgi ba. Iya ta zauna a gidan har damina ta wuce, kullum da hantsi tana kicin a kan kujera 'yar tsugune, tana marin hannun Mairo. Ranar da za ta koma, kwalin nan dai ta rungume zuwa mota, sai dai alkaki ne a ciki, na ƙanwarta, da ƙullin jar kanwa a gefe.