Baba Mai Ƙafa, Wanda Ba Ya Tambayar Laifi

Kafin maƙwabta su gama share ƙofar shagunansu, Baba Mai Ƙafa ya riga ya ɗora ruwa a wuta. Ba na shayi ba ne, na wanke dungu ne. Shagonsa yana bayan asibiti, ɗaki ɗaya mai warin gam da roba, ƙafafu rataye a bango kamar shanya: na manya, na yara, wata da safa, wata tana jiran mai ita. Duk wanda aka yanke wa ƙafa, in ya warke, nan ake turo shi. Baba zai zaunar da shi a benci, shi kuwa ya durƙusa, ya wanke dungun da ruwan ɗumi, ya shafa har ya san inda ƙashi ya tsaya da inda ciwo ke ɓuya, sannan ya naɗa filasta ya ɗauki siffa. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso, zai ajiye aiki. To, ba za a rufe ƙofar nan shiru ba. Sai an ji!

Mutum zai shigo fuska a murtuke, Baba ya ce, "Kai, ka yi sa'a! Wadda zan ba ka ba ta kaushi, sauro ba ya cizonta, kuma ba ta wari." Dole ka yi dariya. Amma yana da doka guda: a shagonsa ba a tambayar mutum me ya jawo masa. Ya san nauyin da suke shigowa da shi ya fi rashin ƙafa. Kowa da tambayarsa a ciki: me na yi wa Allah? Mu kuma 'yan coci, kunya ta kama mu, mu ne muke ƙara musu da raɗe-raɗin wai alhaki ne. Wani dattijon cocinmu ya taɓa faɗar haka a gabansa, Baba bai ko ɗaga kai daga aiki ba ya ce, "Yallaɓai, da da ƙafa ake biyan zunubi, da dukanmu da rarrafe muke zuwa sujada."

Faɗa da baki ba wuya. Ku ji ranar da maganar ta zo har ƙofarsa.

Ɗansa na fari, saurayi mai koyon ɗinki, yana kan keke wani direban babbar mota ya yi tatil da giya ya bi ta kansa. Motar ta kife, direban ya rasa ƙafar hagu. A gaban alƙali Baba bai sassauta ko kalma ba. Da aka roƙe shi ya janye ƙara, ya ce, "Jinin yaron nan ba ruwa ba ne. Allah mai adalci ne, ba ya kiran mugunta da wani suna." Aka ɗaure direban, ya yi shekarunsa.

Da ya fito, asibiti ta turo shi shagon Baba kamar kowa. Ya dogaro sandunansa har bakin ƙofa, ya ga wanda ke ciki, ya juya zai gudu. Ina gudu ga mai ƙafa ɗaya? Baba ya daɗe yana kallon bayansa. Sannan ya ce, "Shigo. Ruwan bai huce ba." Ya durƙusa ya wanke dungun nan.

Mai ɗakinsa, wadda duk muke kira Mama, ita ke kawo masa abincin rana. Ta iske siffar filasta a kan tebur, ta ji ta wace ce, kwano ya kusa suɓuce mata.

"Baban yara, da hannun da ka binne ɗanka? Allah ya yanke masa hukunci, kai ne za ka warware?"

Baba ya ciro wata 'yar ƙafa daga bango, ba ta fi tsawon cokali ba. "Mai wannan haka aka haife ta. Laifin me ta yi? Namu yaron fa, laifin me?"

"Kada ka sa min shi a bakinka!"

"Maman yara, alƙali ya yi nasa. Babban hukuncin kuwa, nawa da naki da nasa, Almasihu ya ɗauka a kan gicciye. Ban san dalilin da ya sa aka ɗauke mana yaro ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na dai san Allah ba daga nesa yake kallonmu ba. Shi ma ya san zafin mutuwar ɗa."

Ta ce, "In ƙafar nan ta fita daga shagon nan, ka nemi mai yi maka magana a gida." Kuma ta cika. Abinci na zuwa, magana babu. A coci ta koma wani benci. Baba na goge roba da rana, ya koma gida ya tarar da shiru, bayan zaman aure na shekara da shekaru. Ya rame, amma bai ajiye aikin ba.

Ranar gwaji ta zo. Ga wani abu da sai masu sana'ar suka sani: ba a daidaita ƙafar roba sai da takalmin da za a riƙa sawa, domin tsayin dunduniyarsa ne ke nuna yadda za ta tsaya. Direban kuwa, kamar yawancinsu, ya zubar da duk takalmansa na hagu tun tuni. Da silifas ƙafa ɗaya ya zo.

"Kullum haka kuke yi!" in ji Baba. "Wa ya gaya muku an gama da ku? Je ka, sai ka samo takalmi ƙafa biyu."

Ashe Mama na tsaye a ƙofa da kwano. Ta ajiye ta fita. Can sai ga ta da ƙunshi a tsumma. Ta kwance. Takalman yaron ne na zuwa coci, baƙaƙe wuluk, waɗanda take gogewa duk shekarun nan ba wanda ya isa ya taɓa.

Direban ya fashe da kuka. "Mama, ban cancanta ba."

"Na sani," in ji ta. "Wa ya cancanta? Sa."

Sun yi masa yawa, sai da aka cusa auduga. Ya kama ƙarfen koyon tafiya, ya miƙe, ya taka. Ƙwas! Ya sake. Ƙwas! Mama ta san ƙarar nan, ta rufe ido, hawaye na zuba. Mu da muka cika taga kuwa sai ihu da tafi, har ma'aikatan asibiti suka fito a guje suna zaton gobara ce! Da ya kai bango ya juyo, ta nuna shi da yatsa: "Kada ka take musu baya. Kuma in na ji sun shiga gidan giya, da kaina zan zo in cire su." Sannan ta dubi mijinta ta ce, "Kai kuma abincinka na hucewa."

Baba, kai ne ka riƙe adalci da hannu ɗaya, jinƙai da ɗaya, ba ka saki ko guda ba. Kai ne mai durƙusa wa wanda duniya ta tofa wa miyau. Ba ka bayyana mana asirin wahala ba, ka dai nuna mana inda Allah yake tsayawa in ta zo: a ƙasa, kusa da ciwon. Mun gode, kai da Mama. Ubangiji ya hutar da gwiwoyin nan.

Ku kuma masu karatu, musamman masu saurin cewa alhaki ne, ku kama bakinku. In kun ga wanda wahala ta kayar, ba a naɗa ku alƙalai ba. Ku ɗora ruwa a wuta.