Ranar da Teku Ta Nemi Motar Badamagare

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na bayan Huanshi Lu, mu uku, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Ni ne, sai abokina Badamagare, sai wani Bakatsine da ke karatun likita a nan Guangzhou. Shi kaɗai ne mai lasin tuƙi na ƙasar a cikinmu, kuma shi ne bakinmu idan Sinanci ya wuce "lawban", wato mai shago, da "meyo", wato babu. Masu tambayar ina na shige ranar Lahadi aka yi ta nemana ba a samu ba, to ga amsarku.

Motar ta Badamagaren ce, sabuwa dal, irin mai ja da ƙafa huɗu wadda mutanen Nijar ke ce wa kat-kat. Tun yana saurayi yake tuƙa motocin mutane tsakanin Damagaram da Agadas har can cikin Sahara, ga shi yau da furfura, bai taɓa riƙe makullin da zai ce nasa ba ne sai wannan. Gonar gadonsa ya sayar ya haɗa da ɗan abin da ya tara. Washegari za a sa ta a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, shi kuwa ya rantse ba za ta hau jirgi ba sai ya ga tafiyarta a rairayi, don in da gyara a yi shi tun mai sayarwa yana kusa. Rairayi a wannan yanki kuwa sai bakin teku. Na ce ya bari ta isa gida mana, su da rairayi har cikin tuwonsu yake shiga. Ya ce me Bakano ya sani ban da kwalta da ciniki.

Tun kafin ranar ya gama gasa mana aya a hannu a kasuwar kayan mota. Ya sa an cire tayoyin da ta zo da su an sa masu faɗi. Ya sayi shebur, da igiyar ja, da famfon ƙafa, da katako biyu masu kauri. Abin da ya so shi ne faifan ƙarfe masu huda-huda da suke shimfiɗa wa taya a Sahara, amma duk shagon da muka shiga sai a ce meyo, wani lawban ɗin ma ƙarfen gasa nama ya ɗauko mana. Dole ya haƙura da katakon. Sai kuma ya ce gwada mota babu kaya wasan yara ne. Ni kuwa ga kwalayen takalmana da na saro a Zhanxi Lu don kasuwar Babbar Sallah sun cika mini ɗaki, kuma su ma Nansha za su. Na ga dakon kyauta, na ce a loda. Ko a lokacin sai da zuciyata ta tuna mini inda garin banza yake ƙarewa, na share ta.

Hanyar yamma muka ɗauka, likita yana tuƙi. Titi ne kamar an goge shi da dutsen guga, amma kowane ɗan nisa sai an tsaya an biya kuɗin hanya, kuma ba sa ragi. Dama da hagu masana'antu ne, daga baya suka koma gonakin ayaba da tafkunan kifi jere-jere. Ko'ina tutocin Olamfik, har a ƙauyen da na tabbata ba wanda zai je kallo. Saboda wasannin ne kuma aka tsananta bincike, ko a cikin gari baƙo ba ya fita sayen burodi sai da fasfo a aljihu. A wani shinge aka sauke mu. 'Yan sanda suka daɗe a kan takardar lamba ta wucin gadi da ke manne a gilashi, likita yana bayani, gumi yana bin wuyansa. Ɗayansu ya buɗe kwali, ya zaro sandal mai girma, ya gwada a jikin takalminsa, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Dariyar nan ce ta sallame mu. Badamagare bai yi dariya ba, sai da muka bar wurin ya saki numfashi.

Da hantsi muka wuce Yangjiang, garin da ake ƙera wuƙaƙe, muka saki babban titi muka bi wata siririyar hanya har wani ƙauyen masunta. Warin busasshen kifi ya tare mu tun kafin mu ga gidajen. Bayan ƙauyen ga layin dogayen itatuwa, bayansu farin rairayi iya ganinka, babu kowa. Tekun tana can nesa, ta kwanta luf. Jiragen masunta duk an jawo su sama an ɗaure a gindin itatuwa, nesa da ruwa ƙwarai. Na ga wannan da idona, har na ce a raina mutanen nan suna son wahala, amma ban tambayi dalili ba.

Nan Badamagare ya karɓi makulli, ya zama wani mutum daban. Ya sa muka sake jera kwalayen, masu nauyi a tsakiya, kada baya ya rinjayi gaba. Ya durƙusa gaban kowace taya da tsinken ashana, yana danna bawul iska tana fita, yana kallon cikin tayar har sai ya ga ta yi tumbi. Likita ya miƙa masa abin awon iska, ya ce a'a, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Dalilin, in ji shi, taya mai iska sosai yanka rairayi take yi, mai laushi kuwa shimfiɗuwa take a kansa kamar tafin raƙumi. Ya je ƙafafun gaba ya murɗa makullansu da hannu don su ma su riƙa ja, ya shiga ya tura ƙaramar giya. Sannan ya karanto mana dokokinsa: ba a taka birki da ƙarfi, ba a karya sitiyari a lokaci guda, ba a tsayawa a hawa.

Gaskiya ta gaskiya ce, mutumin ya iya. Motar ta riƙa shawagi a busasshen rairayin da ni ƙafata ma nutsewa take a cikinsa. Ya hau tudu ya sauka, ya yi da'ira, yana saurarar injin da kai a karkace, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da rana ta take ya ce ta ci jarrabawa. Ya gangara inda rairayin ya yi duhu, mai danshi, mai tauri kamar daɓe, ya tsayar da ita hancinta yana kallon gangare. Haka ake yi a Sahara, ka nemi wuri mai tauri, ka juya ta ƙasa don tashi ya yi sauƙi. Gangaren nan kuwa teku yake kallo.

Muka taka zuwa inuwar itatuwan da ledar abincinmu: gurasar da Musulmin yammacin ƙasar ke gasawa a unguwarmu, dafaffen ƙwai, da ragowar dambun naman da aka aiko mini daga gida. Likita ya ci ya miƙe, barci ya kwashe shi, tun asuba yake tuƙi. Mu biyu muka zauna muna ta tsiya, har azahar ta yi muka tashe shi muka yi salla.

Ina sallamewa na waiwaya, sai na ga sawun tayoyinmu na ƙasa babu shi. Na sake dubawa. Tekun da muka bari can nesa tana lasar tayoyin gaba.

Ni ruwan da na sani, in zai cika da damina yake cika, a hankali, ana gani ana magana. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana. Likita ya sani, ya ce ya ɗauka mun sani. Ba lokacin musu ba ne, muka zuba da gudu.

Kafin mu isa ruwa ya fara aikinsa. Kowace igiya in ta zo ta koma sai ta kwashe rairayin ƙarƙashin taya, motar ta ƙara zama. Badamagare ya faɗa ciki ya tayar, ya sa ribas. Sai mutumin da ya gama koya mana doka ya taka totur har ƙasa. Tayoyin huɗu suka yi ta juyawa suna watso mana laka, kafin in buga masa ƙofa ya ɗaga ƙafa motar ta haƙa wa kanta rami, cikinta ya kwanta a ƙasa. Ya fito ya tsaya yana kallonta. Shi ya fi mu sanin cewa in ruwan gishiri ya kai inda injin ke shaƙar iska, an gama, kuma injin yana gaba, wajen ruwan.

Likita ya ruga ƙauye neman hannu. Ni na ɗauki shebur, Badamagare yana haƙa da hannuwansa. Abin da muka kwashe igiya ta mayar da rabinsa. Muka ɗora jek a kan katako ɗaya muka ɗaga bayanta, muka cusa ɗaya katakon ƙarƙashin taya. Wata babbar igiya ta zo ta ɗauke shi, ina kallo yana lilo yana tafiya. Ruwa ya kai mini ƙwauri. Tsoro ya kama ni sosai, ba na ruwan ba, na abin da zan ga mutumin nan ya zama in motar ta tafi.

Muka shiga sauke kwalaye don ta yi sauƙi. Na farko da na biyu na kai su tudu da gudu, na uku ya jiƙe ya yage a hannuna, takalma suka zube. Na ga yadda ƙasan robarsu ya kama rairayi ya ƙi tafiya. Ban yi shawara da kowa ba, don in na tsaya tunani Bakanon da ke cikina ba zai bari ba. Na riƙa farke kwalaye ina cusa takalma ƙarƙashin kowace taya, ina jera su layi biyu zuwa sama, kwalayen a kansu. Badamagare ya riƙe mini hannu ya ce kayan Sallata ne. Na ce ya sake ni ya je ya ƙara rage iska. Ya rage har tayoyin suka kusa kwanciya, ya ce in aka wuce haka za su fita daga wili.

Likita ya dawo da masunta biyu, ba su tambayi komai ba suka shiga ruwa suka kafa kafaɗa a hancin motar. Ruwa yana dukan bamba. Badamagare ya zauna a kujera, hannu a sitiyari, bai motsa ba. Na leƙa ta taga, sai na ga ƙafarsa ta dama tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Ba zan iya ba," in ji shi. "Ƙafar ta ƙi ji. Zan sake binne ta."

Babu wani a cikinmu da zai iya abin da ake bukata sai shi. Ban san daga inda maganar ta zo mini ba.

"Malam, wa ya ce maka taka ce? Ta maigidanka ce. Fitar masa da motarsa mu tafi, kada ya kore ka."

Ya dube ni kamar zai zage ni. Sai ya runtse ido, ya yi bisimilla, ya saki kuloci a hankali, a hankali, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa. Muka jira igiya ta koma, muka tura. Taya ta kama takalmi ta tofar, ta kama na biyu, motar ta girgiza ta ɗago. Bai ƙara wuta ba, bai rage ba, haka ta riƙa ja da baya a kan kayana har ta hau busasshen rairayi, bai tsaya ba sai gindin itatuwa. Ni dai zama na yi a cikin ruwan.

Masuntan suka taya mu tsince abin da ya tsintu. Rabin kayan ya tafi, wasu taya ta niƙe, wasu suna can suna iyo ƙafa ɗaya-ɗaya. Mutanen suka ƙi karɓar komai sai sandal da kowannensu ya zaɓa, muka yi ta shiye-shiye, godiyar Sinawa ke nan. Sannan aka zo mayar da iska a taya huɗu da famfon ƙafa. Wanda bai taɓa yi ba kada ya yi fata. Karɓa-karɓa muka yi har la'asar ta wuce, cinyata har yau ba ta yafe mini ba. Da muka waiwaya, inda motar ta tsaya da rana ruwa ne zalla.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin wankin mota, Badamagare ya kwanta a ƙasa da tiyo ya wanke mata ciki da kansa, don gishiri yana cin ƙarfe. Daga nan har Guangzhou bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin ya dame ni fiye da takalman. Mun iso gida lafiya bayan isha'i, jikinmu duk gishiri.

Abin da tafiyar ta koya mini, na farko, gwanin wani wuri baƙo ne a wani wurin, in ka ga mutanen gari sun ɗaure jirginsu nesa da ruwa ka buɗe baki ka tambaya. Na biyu kuwa a ƙofar masauki na koye shi. Likita ya wuce, ni ina haɗa ragowar kwalayena, Badamagare ya tsaya jingine da motar. Na ɗauka maganar takalma zai yi, har na shirya amsar da zan rufe masa baki. Sai ya ce shi ya sha fitar da motoci daga inda ya fi wannan muni, da mata da yara a ciki, ƙafarsa ba ta taɓa rawa ba.

"Yau ka yi mini ƙarya ta yi aiki," in ji shi. "In na koma Sahara ni kaɗai ne, ba mai yi mini ƙarya, kuma na san tawa ce."

Ashe mutum yana iya kwashe rayuwarsa yana roƙon abu, ranar da aka ba shi kuma ya fara jin tsoron da bai taɓa ji ba. Na ce masa Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Ya ce amin, ya zagaya ya sake taɓa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar a kulle suke.