Eriyar da Ta Riƙe Mini Labule

Maigidana ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a jirgin ruwa a Legas, irin ƙananan nan masu jan manya zuwa tasha. Da ya yi ritaya, mazan mutane suna dawowa gida da firij da talabijin, shi kuwa sai ya dawo mana Potiskum da rediyon jirgi. Ba na jin labarai ba ne, na kiran wani jirgin ne a kan ruwa. A unguwarmu Dogo Tebo fa, inda babban ruwanmu shi ne kududdufin bayan layi.

Ya kafa doguwar eriya a kan rufi, ya haɗa rediyon da batirin mota. Kullum da safe sai ya kunna, ya murɗa zuwa layi na sha shida, ya danna abin magana ya yi kira da Turancinsu na 'yan jirgi, sannan ya saki ya zauna yana sauraro. Ba abin da ke fitowa sai shuuu. Masu keke napep da ke tsayawa a ƙofar gidanmu suka raɗa masa Kyaftin, shi ko a jikinsa. Ni ma na yi mita har bakina ya gaji. Ko zazzaɓi yake yi, ba ya tsallake safiya ɗaya.

Wata damina aka yi iska mai ƙarfi, ta karya eriyar gida biyu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce yau kunnena zai huta.

"Akwai safaya, Hajiya," in ji shi, hankalinsa kwance. "Ba jirgin da ke fita da eriya ɗaya."

Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya zazzage shi tas. Babu safaya. Da ya fara kwatanta ta, wai siririya ce mai ƙyalli, ana jan ta ta ƙara tsawo, sai gabana ya faɗi. Shekara uku kafin nan ina neman abin da zan rataya labulen ƙofar ɗakina, na tsinci wannan ƙarfen a akwatin, na ja shi ya yi daidai da faɗin ƙofar. Ni ina na san eriya ce?

To, ni ce kullum nake yi masa gorin jefar da kaya, nake cewa ko allura ba ta ɓata a hannuna. Da wane bakin zan faɗa? Sai na kama taya shi nema. Na leƙa ƙarƙashin gado, na ɗaga tabarma, har da cewa ya buga wa ƙanensa waya a Gadaka ko tana can. Shi kuma bawan Allah yana wucewa ta ƙarƙashinta sau goma a rana.

A rana ta uku na fito na same shi zaune gaban rediyon, daidai lokacinsa, hannunsa a kan gwiwa. Bai kunna ba, don ya ce in aka yi kira babu eriya, rediyon ƙonewa yake yi. Shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Na je na fizgo labulen, na zare ƙarfen, na ajiye masa a gaba.

"Ga kayanka, Malam. Kuma kada ka ce mini komai."

Ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙofar. "Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Kuma ba ta lanƙwashe ba?"

"Ko kaɗan."

"Kayan jirgi ke nan," ya ce, yana shafa ta. Ya yi dariya har da tari, ni kuwa na ɗaure fuska don kada ya samu dama.

Ya ɗaure ta a kan gora, ya jingina da katanga, ya ɗaura mata wayarta, ya yi kira. Shuuu, kamar kullum. Amma fuskarsa ta saki.

Ranar ce na tambaye shi da gaske, ba da tsiya ba, wa yake jira. Ya ce wata shekara injin jirginsu ya mutu a bakin teku, ruwa yana shiga, iska ta karya babbar eriya. Wannan safayar ya ɗaura, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Wanda ya ji shi ba jirgi ba ne. Wani tsoho ne da ya bar aiki, yana zaune a ɗakinsa a tudu da rediyonsa a kunne, shi ya isar da saƙon aka zo aka jawo su. Bai taɓa ganin fuskarsa ba.

"Na san babu teku a Potiskum, Hajiya, ban haukace ba," ya ce. "Amma in na kashe, sai in ji kamar na juya wa wani baya."

Watan jiya ya je ɗaurin aure Damagum, ya kwana biyu. Da safe na tsinci kaina gaban rediyon, na murɗa shi zuwa sha shida. Ban iya Turancinsu ba, don haka ban yi kira ba. Na dai zauna ina sauraro, ko da wani zai nema.