Ranar Da Manaja Ya Kai Mu Tsinkar Gwaiba

A farkon shekarun tamanin ina dafa wa ma'aikata abinci a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Mu huɗu ne a kicin, ni ce babba, don ni na fi daɗewa, kuma ni kaɗai ke iya tuƙa tuwon taro ba gudaji. Mijina ya rasu, aikin ne ke riƙe da ni da 'ya'yana, saboda haka na koyi haɗiye magana. Amma ido ba ya haɗiye abin da ya gani.

Muna da wani manajan ma'aikata da aka tura kwas Ingila na wata huɗu. Ya tafi yana cin tuwo da hannu, ya dawo yana neman cokali mai yatsu. Ni kuwa na san asalinsa, domin ƙauyensu da namu rafi ɗaya muke ɗiban ruwa, gidansu ba wanda bai san fartanya ba. Tun da ya dawo ba shi da zance sai na tuffa. Wai a can idan kaka ta yi, mutane sukan kwashi iyalinsu su tafi gonakin tuffa su tsinka da hannunsu don nishaɗi, su dawo gida su gasa ta a cikin fulawa. Ya faɗa a ofis, ya faɗa a bakin get, ya biyo mu kicin ya faɗa mana muna gyaran albasa.

"Wannan shi ne wayewa, Iya," in ji shi. "Mutum ya san daga ina abincinsa yake fitowa."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

A daidai lokacin gero ya nuna. Yawancin masu aiki a kan injin 'yan Gumel ne da Kazaure da Damagaram, kowa hankalinsa na gida. Sun yi ta zuwa ofishinsa neman kwana uku ko huɗu su je su taya iyayensu girbi, yana korarsu, wai kamfani ba gona ba ne. Sai ga sanarwa an manna a allo: ranar Asabar duk wanda ba ya bakin aiki ya hallara, za a tafi tsinkar 'ya'yan itace. Tun da Kano ba tuffa, an sama mana lambun gwaiba a bayan Zawaciki, gefen kogin Challawa.

Aka loda mu a motar ɗaukar dilolin yadi, shi da matarsa suna gaba a ƙaramar motarsu. Ya sa malafar Turawa da safar hannu. Matar ta sa takalmi mai tsini, tana taka ƙasar lambu tana nutsewa kamar mai shuka da sanda. Ya tara mu a gindin bishiya, ƙarti wajen talatin da suka tashi a gona, ya ɗaga gwaiba guda ya fara koya musu yadda ake murɗa ta a tsinke. Ba wanda ya yi dariya. Na fi son a ce sun yi, da abin ya fi sauƙi a zuciya.

Mai lambun wani dattijo ne siriri, yana tsaye ya riƙe lauje yana kallon ikon Allah. Ya matso ya ce, "Yallaɓai, na wannan layin ba su nuna ba. Ku gangara ƙasa, can ne suka yi ruwan ɗorawa."

Manaja ya ce a littafi masu tauri ake so don gashi. Ya kama reshe ya janyo da ƙarfi don matarsa ta kai, reshen ya tsage tun daga gindi. Dattijon ya tsuguna ya ɗauki reshen, ya juya shi, ya ajiye a hankali. Manaja ko a jikinsa, sai ma tambayarsa ya yi ko ya taɓa tunanin sare gwaibar nan ya dasa tuffa.

"Ban taɓa ganinta ba, yallaɓai," in ji dattijon. "In ka kawo irin, sai ka kawo mana da sanyin garin nasu."

Akwai wani masaƙi ɗan Damagaram, mutum mai shiru, wanda sau uku ana hana shi hutu. Na gan shi ya bar mutane ya tsaya a bakin shinge yana kallon gonar geron da ke maƙwabtaka, inda wasu ke yanka suna ɗaurin dami. Da na je kusa ya ce, "Iya, tsohona shi kaɗai ne a gona, ga ciwon baya. Ni kuma ga ni nan ina tsinkar gwaiba ɗanya." Ya miƙo mini kwandonsa, ya ce in gai da mutanen kicin. Ya tsallake shingen ya nufi titi. Ba mu sake ganinsa a masaƙa ba. Da aka ƙirga mutane za a koma, manaja ya ce irin wannan rashin tarbiyya ne ya hana ƙasar nan ci gaba.

Kafin mu tashi na zagaya wurin matar mai lambun muka gaisa, na ba ta haƙuri a kan reshen. Ta cika mini zane da kabewa da yakuwa da tattasai, ta ce in yi wa bayin Allah miya.

Ranar Litinin matar manaja ta shigo kicin da littafin girki na Turanci da wani farin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Ta sa muka kwashe kwanukan da muke ajiyewa a cikin tanderun lantarki, wanda tun da aka kawo shi ba a taɓa kunnawa ba. Ta kwaɓa fulawa da bota, ta shimfiɗa a faranti, ta ce a yayyanka gwaiba a zuba.

Na ce, "Hajiya, a bari in cire ƙwayayen, in dafa ta tukuna. Ɗanya ce."

Ta duba littafi ta ce, "Ba a rubuta haka ba."

"To ai littafin na tuffa ne."

"Iya, ke dai yanka."

Na yanka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba wuyana ya shaƙe ba. A ɗaya murhun na ɗora miyar taushe da kabewar nan da yakuwa da gyaɗa, na tuƙa tuwon shinkafa. Ma'aikata suka cinye har da ƙanzo.

Gashin matar manaja kuwa aka kai teburin manya, ya yi ja a sama gwanin kyau. Ina leƙe ta tagar miƙa abinci. Wani injiniya Ba'indiye ya gutsura, na ji ƙarar ƙwaya a haƙorinsa kamar ya tauna tsakuwa. Ya yi murmushi, ya kai hankici baki, ya tuna yana da aiki. Akanta ya ce azumin Litinin yake yi, alhali na gan shi da goro da safe. Manaja kuwa ya ci yanka biyu manya, yana haɗiya da ƙyar yana cewa sak irin na can, ya ƙara na uku don matarsa na kallo.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da gwaiba ɗanya take yi wa ciki. Kwana biyu manaja bai zo aiki ba. A rana ta uku direbansa ya zo bayan kicin yana waige-waige, ya rage murya ya ce yallaɓai ya ce ko zan jiƙa masa tsamiya mai kauri, amma kada kowa ya ji.

Na ce, "Ba a rubuta maganin a littafin ba?"

Direban ya toshe baki yana dariya. Na jiƙa, na tace, na cika kwalba, don ciwo ba abin wasa ba ne ko a jikin wa yake. Kafin la'asar labarin ya kai har ɗakin rini, kuma ba na rantsuwa cewa ba daga bakina ya fita ba.

Da ya dawo ya wuce ni a bakin kicin kamar bai taɓa ganina ba. Kwanduna shida na gwaibar da suka rage suka yi mako a sito, suka yi laushi ba su nuna ba, ƙananan ƙudaje suka cika wurin. Mai kula da sito ya rasa wanda zai sa hannu a zubar, domin an shigar da su a matsayin kayan kamfani. Daga ƙarshe ni da wata abokiyar aikina muka kinkime su muka juye wa awakin mai gadi a bayan katanga.